Fiya-fiyar Mama da 'Ya'yan Kifina

Daminar da nake aji biyu na ƙaramar sakandare muna zaune a Bukan Sidi, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, rijiya ɗaya a tsakar gida, igiyar shanya ɗaya ta kowa da kowa. Babanmu ma'aikacin gwamnati ne, yana cikin waɗanda aka kwaso daga Jos zuwa Lafiya bayan an ba mu jiha. Mu huɗu ne a ɗaki biyu da ɗan falo: shi da Mama, sai ni da ƙanwata wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba. Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, in baƙi suka zo gida kuma nakan sami abin wankewa a bayan madafa har su tafi.

Ƙanin Mama, wanda muke kira Kawu, direban babbar mota ne, yana kai doya Legas. Wata rana ya sauka gidanmu saboda motarsa ta shiga gyara, ya buɗe jaka ya ciro kwalabe biyu a naɗe cikin tsohuwar singileti. Kowace kwalba da kifi ɗaya a ciki, bai fi ɗan yatsana ba.

Mama ta leƙa ta ce, "Wannan kuma wa za su ƙosar?"

"Haba Yaya, ba na ci ba ne. Na kallo ne."

"To ga mai kallo nan, ka ba ta." Ta nuna ni da haɓa. "Ita ko tururuwa ta gani sai ta raka ta har gida."

Kawu ya miƙo mini ya ce, "Karɓi, Malama Shiru-shiru. Kifin faɗa ake ce musu."

Namijin ja ne mai duhu, jelarsa da fikafikansa suna bin sa a baya kamar gyalen da aka saka a ruwa. Macen ba ta da wannan ado, launinta kamar na shayi mai madara. Kawu ya ɗauko madubin Mama ya kara a jikin kwalbar namijin, nan take ya buɗe kumatu ya baje jela yana kai wa kansa hari. Ƙanwata ta yi ta dariya har da faɗuwa. Ni kuwa tausayi ya ba ni, sai na janye madubin.

Gyaran motar ya ja, Kawu ya rasa abin yi, sai ya ce bari mu ga ko za su haihu. Ya roƙi Mama farin bokitin nan na roba da ake ganin cikinsa, wanda take zuba cincin ɗin sallah. Ya zuba ruwan sama da ya kwana a duro, bai kai rabi ba, ya jefa busasshen ganye guda na bishiyar nan mai faffaɗan ganye da muke kira furut. Sannan ya saki kifin biyu a ciki. Ba a jima ba namijin ya fara tara kumfa a ƙarƙashin ganyen. Yakan hau sama ya guntsi iska ya zo ya tofa, ya koma, ya sake. Mama ta gani ta ɗauko ludayi za ta kwashe, wai sabulu ne bai fita daga bokitin ba. Da ƙyar Kawu ya riƙe hannunta.

"Yaya, ɗaki yake ginawa! Za ki rushe wa mutum ɗaki yana shirin aure?"

Ranar da suka yi ƙwai ina durƙushe a gaban bokitin. Na ga ƙananan fararen abubuwa suna gangarowa, namijin yana bin su yana tsincewa da baki. Na zaci cinyewa yake yi, har na buɗe baki zan kira Kawu, sai na ga ya hau ya tofa su cikin kumfar. Kawu ya cire macen, ya ce daga nan aikin uban ne.

Kafin su ƙyanƙyashe aka gama gyaran mota. Yana ɗaure jaka yana yi mini bayani, ni kuma ina maimaitawa a zuci don ban iya cewa ya sake faɗa ba. In suka fara yawo da kansu in cire uban. Kada in juye ruwan gaba ɗaya, kaɗan-kaɗan ake sauyawa. In dafa ƙwai in ɗibi gwaiduwa kamar kan allura in dama musu. In sun ɗan tasa kuma, tsutsar sauro, don ba sa son abin da ba ya motsi. Ya bar ɗan gwangwanin abinci na manyan, ya tafi. A lokacin waya ba ta kai hannun kowa ba, Kawu ba shi da ita, kuma in ya tafi sai ya yi wata da watanni ba mu gan shi ba.

Da suka fito ban gane su ba da farko. Sai da na kwantar da kumatuna a ƙasa na duba ta inda haske yake shigowa, na ga wasu abubuwa kamar gashin ido suna reto a ƙarƙashin kumfa, kowanne da ɗigo biyu baƙaƙe. In ɗaya ya faɗo, uban ya cafe shi ya mayar. Ba su ƙirguwa. Da suka fara iyo na cire uban na mayar da shi kwalbarsa a kan kabad ɗin falo kusa da matarsa. Bokitin kuma na shigar da shi ɗakinmu ni da ƙanwata na ɗora a bakin taga, saboda yaran gidan sun fara shigowa falo suna tsoma yatsa.

A cikin wannan makon ne zazzaɓi ya kama ƙanwata. Da safe ta ce kanta na ciwo, kafin la'asar jikinta ya yi zafin da ba a iya taɓawa, sai ta fara jijjiga, idanunta suka juye. Na ga Mama ta fita da ita a kafaɗa ba takalmi, tana kiran ɗan acaɓa da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. Suka yi kwanaki a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa. Zazzaɓin cizon sauro ne. Da suka dawo ƙanwata ta rame, Mama ma ta rame, kuma ta dawo da wata ɗabi'a: ko wucewa take yi sai ta ɗora bayan hannunta a goshin yarinyar. Ta ɗinke duk hujin da ke gidan sauronmu. Ta kuma sayo fiya-fiya, maganin ƙwarin nan, wajen masu yawo da shi, a 'yar kwalba da aka huda murfinta da ƙusa. Bayan la'asar takan yayyafa shi a lungunan ɗakinmu da ƙarƙashin gado, ta rufe taga da ƙofa, ba mai shiga sai an yi magariba an buɗe warin ya fita. Ba kullum take yi ba, sai ranar da ta ji kukan sauro ya yi yawa.

Wata safiya na tashi na leƙa bokiti kamar yadda na saba kafin in wanke fuska. Ƙasansa ya yi fari-fari kamar an watsa ɓurɓushin shinkafa. Na ɗan ƙwanƙwasa jikin robar, ba su motsa ba. Fiye da rabi sun mutu. Jiya-jiya da rana kuwa lafiya ƙalau na bar su suna bin gwaiduwa.

Ban yi kuka ba. Na samo bututun shan lemo, in toshe bakinsa na sama da yatsa, in kai ƙasan kusa da mataccen, in saki, ruwa ya zuƙo shi. Haka na yi ta tsince su ina zubawa a murfin kwalba har Mama ta ƙwala mini kira cewa zan makara. A makaranta ban ji ko kalma ɗaya ba. Malamin lissafi yana rubutu a allo, ni ina ganin ɗige-ɗigen alli kamar su. Ana tashi na taho gida rabi tafiya rabi gudu, na shiga ɗaki da jakata a baya.

Kowa ya ba ni nasa dalilin. Baba ya ce iska ce babu, shi ya taɓa ganin akwatin kifi a ofishin wani babba a Jos, da ɗan inji mai fitar da kumfa a ciki. Mama ta ce baki ne, yaran gida sun cika faɗin "kai, ga su da yawa" babu ko tubarkalla. Ni kuma na zargi ƙwan, na daina ba su kwana ɗaya, sai na ga cikinsu ya lafe, na koma ba su. Na zargi ruwan duro, na leƙa ciki na shinshina. Na zargi rana, na rataya ɗankwali a taga. Na zargi ganyen furut na cire, da na tuna Kawu ne ya saka da hannunsa na nemo wani na mayar. Ina cin abinci sai in ajiye cokali in je in leƙa. Ina wanke-wanke sai in bar kwano da kumfa in je in leƙa. Mama ta ce, "Ke wai kaza ce mai neman wurin ƙwai? Ki zauna wuri ɗaya mana."

Kwana biyu ba wanda ya mutu, har na fara sakin jiki. Sai wata safiyar na sake tarar da ƙasan bokiti da fari. Wannan karon waɗanda suka rage na iya ƙirga su, ba su kai ashirin ba, wasu ma a karkace suke iyo.

Sharar ɗakinmu aikina ce. Bayan na gama tsince matattun na ɗauki tsintsiya. Ina janyo sharar ƙarƙashin gado na ga kyankyaso biyu a kwance rigingine, da kiyashi da yawa a dunƙule. A bakin taga ma, gefen bokitin, layin kiyashin da kullum ke bin bango ya tsaya cak, duk sun mutu a inda suke. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na tuna waccan safiyar ma haka na share ƙwari da yawa. Na sunkuya na dubi saman ruwan ta gefe, sai na ga wani ɗan maiƙo-maiƙo mai launuka, irin wanda ke kwanciya a kwatar bakin garejin makanikai. Na kai hancina. Warin yana nan, kaɗan dai, amma shi ne. Manyan kifin da ke falo kuwa ko gezau, don ba a yayyafa komai a falo.

Na gane abin da ke kashe su, amma ban san yadda zan yi da shi ba. Da rana na sami Mama a madafa tana gyaran alayyafo, na tsaya a bakin ƙofa da maganar a bakina. Ƙanwata ta shigo neman ruwa, Mama ta miƙa hannu ta taɓa goshinta ba ta ko ɗaga kai ba. Sai na ji ba zan iya ba. Ta yaya zan ce mata maganin da take kare 'yarta da shi yana kashe mini kifi? Ta ce, "Mene ne?" Na ce ba komai, na ɗauki tsintsiyar da ba a aike ni ɗauka ba na fita.

Na sauya musu ruwa kaɗan-kaɗan har warin ya tafi. Mayar da su falo ba zai yi ba, saboda yara masu tsoma yatsa. Na yi shawarar in riƙa gadin Mama, in na ga ta miƙa hannu saman ƙofa inda take ɓoye kwalbar, in yi wuf in fitar da bokiti. Amma lokacin yayyafin shi ne lokacin Islamiyya. Ina zaune a tabarma ana biya mana karatu, ni hankalina yana saman ƙofar ɗakinmu. Wata rana har na tashi na ce wa malama cikina na ciwo, na ruga gida, na tarar Mama tana tsefe wa ƙanwata kai, ba ta ma da niyyar yayyafa komai.

A ɗakin ƙarshe, kusa da rijiya, akwai wata mata 'yar Tibi da muke kira Anti. Daga Binuwai suka zo ita da mijinta, tana sayar da lemo da busasshen kifi a kasuwa. Hausarta irin ta kasuwar Lafiya ce, mace da namiji duk "kai" take ce musu. Na lura ita ba ta amfani da fiya-fiya, saboda mijinta yana da ciwon ƙirji, ko warin turare ba ya so. Ɓawon lemo take shanyawa, da yamma ta ɗora a ɗan garwashi a bakin ƙofa. Na yi ta zagaye rijiya da bokitina a rungume kafin in iya yin sallama.

Ta leƙa ciki ta juya shi ta ce, "Mene ka kawo? Ruwa?"

"Kifi ne, Anti."

"Ina kifi? Ni ban gani komai ba o." Ta kawo fuskarta kusa, ta ƙanƙance ido, sai ta kwashe da dariya. "Yesu na! Wannan ne kifi? Wannan ko ƙuda ba zai ci ya ƙoshi ba. Zo ka gani kifi." Ta buɗe kwandonta, ga manyan tarwaɗa a lanƙwashe, baƙi ƙirin da hayaƙi.

Na ce a hankali, "Ajiya nake so ki yi mini, in zan tafi Islamiyya."

"Me ya sami ɗakin ku?"

Na ƙara rungume bokitin. Ta dube ni, ta dubi ƙofarmu. Ban san abin da ta gane ba, ta dai janye wani buhu daga ƙarƙashin teburinta ta ce, "Sa shi nan. Amma in ya girma rabi nawa ne, zan sa a miya."

Na fara kai su da la'asar in ɗauko da magariba. Duk yadda na taka a hankali ruwan yakan girgiza ya watsa su jikin roba, kuma a cikin wannan kai-kawo biyu suka mutu. Anti ce ta ce, "Dakta, kai ma kana kashe su da yawo. Bar shi nan kawai." Daga ranar take kirana Dakta, har a gaban mutane, ni kuma in rasa inda zan sa kaina. Da Mama ta tambayi inda bokitin yake na ce ɗakin Anti ya fi sanyi. Ta ce to.

Mutuwar farat ɗaya ta tsaya, sai wata damuwar ta taso. Ba sa girma. Gwaiduwar tana ɓata ruwa, su kuma sun fara wuce ta ba sa kulawa. Na niƙa abincin manyan ya zama gari na barbaɗa, suka bar shi ya nutse. Kowace safiya sai in ga wani ya koma gefe shi kaɗai, kai babba jiki siriri, in san gobe ba zan same shi ba. Na tuna tsutsar sauro. A bayan banɗaki akwai tsohuwar taya da ruwa ya taru a ciki, na ɗebo da matacin shayi, amma tsutsotsin sun fi bakinsu girma, su ne ma suke tsorata kifin. Ina tsugune a wajen tayar ne na lura da wasu baƙaƙen abubuwa a saman ruwan, kamar ɓurɓushin gawayi, masu ɗan lanƙwasa kamar kwalekwale. Na ɗauki ɗaya da ganye na sa a murfin kwalba da ɗan ruwa. Washegari murfin ya cika da tsutsotsi ƙanana ƙwarai, da ƙyar ido ke kama su. Ƙwan sauro ne ashe. Na juye a bokiti. Kifin da suka kwana biyu a lafe suka zabura, kowanne ya lanƙwashe jiki ya kai cafka. Kafin in tafi makaranta cikinsu ya yi tulu-tulu.

Taya ɗaya ba ta isa ba, wata rana in samu, wata rana babu. Sai na tattaro gwangwanayen tumatir da na madara, na zuba ruwa da ɗan ruɓaɓɓen ganye, na jera su a lungun bayan madafarmu na kare da guntun kwano. Kowace safiya in kwashe ƙwan da aka yi da dare. Na san abin da nake yi ba zai yi wa Mama daɗi ba, shi ya sa duk lokacin da ta nufi bayan madafa zubar da toka sai in bi ta da ido.

Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsabtar gari, duk matan gidan suka fito da tsintsiya. Ina ɗakin Anti ina sauya ruwa na ji ƙarar kwano an jefar, sai muryar Mama.

"Wane ne ya jera wannan abin a nan?"

Na fito. Tana tsaye da gwangwani ɗaya a hannu tana kallon cikinsa. Wasu ƙwan da ban gani ba sun ƙyanƙyashe, tsutsotsi suna ta wutsil-wutsil. Duk tsakar gida aka tsaya.

"Ni ce, Mama."

"Ke ce." Ta juye shi a ƙasa, ta sa ƙafa ta ture sauran ɗaya bayan ɗaya. "Ina kashe sauro a ɗaki, ke kina kiwonsa a bayan madafa? Ba ki ga yadda na fita da 'yar'uwarki daga gidan nan ba? Ko kin manta?"

"Ƙwan nake kwashewa kafin su..."

"Wannan da ke motsi a ƙasa fa? Ranar da kika manta, wa zai kwashe? Saboda kifin da ma mutuwa suke yi da kansu?"

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. "Ba da kansu ba ne. Fiya-fiya ne."

Na faɗa da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, a gaban matan gida duka, sai kuma kuka ya zo. Cikin kukan na gaya mata komai a hargitse, kiyashin taga, maiƙon ruwa, dalilin kai bokiti ɗakin Anti. Mama ta tsaya tana kallona, tsintsiya a hannunta.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun mutuwar ta biyu."

"Shi ne ba ki faɗa ba? Ni dodo ce?"

Na dubi ƙanwata da ke zaune a bakin ƙofa tana shan rake, Mama ma ta dube ta. Ba ta sake tambaya ba. Anti ta matso tana goge hannu a zane ta ce, "Maman yara, yi haƙuri. Wannan yaro naka tun safe har yamma yana kan bokiti kamar mai jego. Ko ni da na haifa huɗu ban yi haka ba." Wasu suka yi dariya. Mama ba ta yi ba.

Sai da aka gama shara ta kira ni madafa, tana hura wuta ba ta kallona. Ta ce fiya-fiya ba za ta daina ba, bokiti ya zauna inda yake in Anti ta yarda. Gwangwani kuwa ko ɗaya kada ta sake gani a gidan nan. Na ce to me za su ci? Tana fifita wutar ta amsa.

"Unguwar nan sauro ne ya yi mana kaɗan? Kowane gida da fasasshen tulu da tsohuwar taya. Ki je ki yi sallama ki ɗeba. In kin gama ki kifar da ruwan, kada ki bar shi."

Da duka ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Ni da ba na iya gaida baƙo a falonmu, ni ce zan shiga gidan mutane in ce a bar ni in leƙa bayan banɗakinsu? Ranar Lahadi ban je ba. Litinin da safe na tarar ƙaramin cikinsu ya mutu, sauran suna bin jikin roba suna neman abin da babu. Da na dawo makaranta na ɗauki matacin shayi da kofi na fita.

Gidan farko na yi sallama da muryar da ni kaina ban ji ba, sai da na sake. Wata tsohuwa 'yar Eggon ta fito, na yi mata bayani ina kallon ƙafafuna. Ta sa na maimaita, ta kira jikokinta su zo su ji, sannan ta nuna mini wani tsohon turmi da ruwa ya kwanta a ciki. Na sami dunƙulen ƙwai har uku a nan. Da na kifar da turmin ta ce in dawo jibi, akwai kaskon kaji ma a baya. Wani gidan aka ce mini ko aikin asiri aka aiko ni. A wajen mai facin taya na bakin titi kuwa ban ma iya magana ba, na nuna tayoyin da kofina, ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da aikinsa. Kullum kafin in shiga gida sai na tsaya a ƙofa na shirya kalmomin, kuma kullum sai sun watse in an amsa sallamar.

Ban daina leƙa bokiti da faɗuwar gaba ba, amma mutuwar ta ja baya. Biyar suka rage. Suka yi tsawo, jela ta fito, wata safiya na ga ɗaya ya yi ja-ja a gefen fikafikansa. Na kira Anti ta gani, ta ce har yanzu bai isa miya ba.

Sai damina ta fara janyewa. Tayoyi suka bushe, turmin tsohuwa ya bushe, in zagaya gida biyar in dawo da kofi ba komai. Na sake gwada garin abincin manyan, su ɗauka su tofar. Na kwana biyu ina zagaye tsakar gida, in zauna in tashi. Rannan Anti ta dawo kasuwa ta same ni a ƙarƙashin teburinta, ta buɗe wani ƙulli na kirafish, ƙananan jatan landen nan busassu da take sa wa miya, ta murje guda tsakanin yatsunta.

"Gwada wannan, Dakta. Ba wanda yake ƙin kirafish, ko miji na da ba ya cin komai."

Na ɗibi ɗan garin a kan tsinken tsintsiya na taɓa saman ruwa, ina ɗan kaɗa tsinken don ya yi kamar mai rai. Suka taso suka tsaya a ƙasansa suna kallo. Mai jan ya matso ya ɗauka, ya tofar, ya bi shi yana nutsewa ya sake ɗauka. Na jira ya tofar. Bai tofar ba. Na biyu ma ya zo ya ɗauka.

Daga can Mama ta kira ni in zo in kai niƙa. Na ce ina zuwa, na sake ɗibar garin a tsinke, don sauran ukun ba su ci ba tukuna.